Ranar da Na Hana Hawwa Tsallaka Safiya

Ku manyan kuna Kano lokacin da abin ya faru, saboda haka ba ku san komai a kai ba sai abin da Gwaggonku Lami ta kai muku. Ita kuwa, Allah Ya jiƙanta da rahama, ba ta taɓa ɗaukar labari ta sauke shi yadda ta ɗauko shi ba. Ta ce muku na fifita bare a kan 'yar cikina, wai taurin kaina ne ya toshe wa ƙanwarku Safiya kunne. Na san maganar ta zauna muku, domin ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai in an ambaci sunan Hawwa. Ku kunya ta hana ku tambaya, ni kuma na ga bai dace in tsaya kare kaina a gaban waɗanda na goya ba. To yanzu ƙafa ta fara ƙin zuwa inda na aike ta, gara in ajiye muku nawa bayanin tun ina da baki. Taurin kai dai ina da shi, a nan Gwaggonku ba ta yi mini ƙazafi ba. Sauran kuma ga yadda aka yi.

A shekarar da mutanen ƙauyuka suke ta kwararowa cikin Maiduguri ne. Mun riga mun tura ku wajen kawunku, don a lokacin duk uwar da ke da saurayi a gida hankalinta ba ya kwanciya. Ɗakinku na kusa da zaure ya koma wajen ajiye buhunan gyaɗa. Makarantu sun cika maƙil da jama'a, gindin kowace darbejiya akwai iyali da ƙullin kayansu. Ran nan liman ya yi roƙo bayan sallar Juma'a, ya ce duk mai ɗaki a rufe ya taimaka ya buɗe. Babanku Malam Isyaku kun san shi, ba ya shawara da baki sai da aiki. Ina tsakar gida sai na gan shi ya shigo da wata doguwar mata a bayansa, ƙafafunta duk sun faffashe, ba ta riƙe da komai sai buta.

"Ga baƙuwa," ya ce. "Daga wajen duwatsun Gwoza take. A kwashe gyaɗar nan."

Ku da aka haifa a nan unguwar Lamisula kun san halinmu. Ni da aka kawo daga Kano, na shekara da shekaru a layin nan Barebari suna ce mini Afuno, sunan da suke kiran Hausawa da shi, wai mun cika surutu. Mu ma in mun shiga ɗaki sai mu yi ta kwaikwayon Hausarsu muna dariya. Wannan duk tsokana ce, ana yi ana cin tuwo a kwano ɗaya. Amma da an zo kan mutanen dutse sai bakinmu ya zo ɗaya, da mu da su. Wai ba su da asali, wai musuluncinsu bai nuna ba, wai akwai abin da suke yi wanda ba a faɗa. A cikinmu babu wanda ya taɓa taka dutsen nan, amma kowa ya san labarinsa.

Sunanta Hawwa. Hausarta kaɗan ce, maganarta ma kaɗan. An kashe mijinta a gona, ta fito da 'ya'yanta mata biyu, dukansu suka rasu a hanya, ita ta rufe su da hannunta. Sau ɗaya ta ba ni labarin muna ɓarar gyaɗa, ba ta ƙara ba. Ni tausayi na ji. Matan layi kuwa wani abu daban suka ji: gida guda ya ƙare kaf, ita kaɗai ta fito da ranta, ta yaya? Na sa ta cikin sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma wallahi ban taɓa ganin hannu irin nata wajen matsa ba, sai ta tatse tunkuza ta bar ta ƙayau. Hayaƙin suya ya mai da idonta ja. Nawa idon ma ja ne, murhu ɗaya muke tsugunawa a kai, amma ni ina da miji da bakin Kano, sai ake ce mini sannu da aiki. Ita kuwa aka ce a dubi idonta.

Akwai abu ɗaya da take yi wanda ni ma da farko ya dame ni, wato kallon yara. In 'yan matan Islamiyya suka wuce ta ƙofar gida, sai ta saki abin da ke hannunta ta bi su da ido har su sha kwana. Ban daɗe ba na gane masu tsawon 'ya'yanta take nema a cikinsu. Safiya a lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba, auta, ga shagwaɓa, ta liƙe mata kamar danƙo. Hawwa ce kitsonta, Hawwa ce wankanta, har goya ta take yi duk da ƙafafunta suna kaiwa gwiwa.

Gwaggonku tana zaune da mu tun rasuwar mijinta. Yayar babanku ce, ni ma Yaya nake ce mata, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba kafin wannan shekarar. Tun makon farko ta ɗauki wani kofi ta ɗaura masa jan zare, ta ce na baƙuwa ne, kada a haɗa da namu.

"Asabe," ta ce mini, "ki raba yarinyar nan da matar nan. Kin ga yadda take kallonta?"

"Na gani, Yaya. Kallon uwa ne."

"Uhum. Ku 'yan zamani ba a gaya muku. Ni dai na faɗa."

Ni ce 'yar zamani, da furfurata! Na kwance zaren na jefa a murhu, ta ɗaura wani, na ƙyale ta. Na ɗauka abin zai tsaya a kofi.

Da zafi ya tsananta, irin wanda ko tabarma ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi, Safiya ta dawo daga makaranta tana kukan ciwon kai. Na ba ta magani, ta kwanta. Washegari jiki ya yi zafi rau, ta yi amai, ba ta son haske. Babanku ya tafi sarin busasshen kifi, waya ba ta shiga inda yake. Wajen azahar na zo ɗaga ta in ba ta ruwa, sai na ji wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. Na san wannan wuyan, na gan shi a ƙauyenmu ina yarinya, shekarar da sanƙarau ya shiga. Na miƙe ina neman mayafi in kai ta asibiti. A daidai nan yarinyar ta fara sambatu.

"Hawwa... Hawwa, riƙe ni... Hawwa..."

Yaya Lami ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ta kama suna! Jama'a, ta kama suna!"

Kafin in ce me, ta fita ba ko takalmi. Ku yaran yanzu wataƙila ba ku san abin da ake nufi ba. A wajen mutanenmu, in mara lafiya ya ambaci wani cikin zafin ciwo, to wai wanda ya kama masa kurwa ne. Maganinsa a kawo wanda aka ambata, ya tuɓe a gaban jama'a, ya tsallaka mara lafiyan, ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha. Wai da haka maye yake sakin abin da ya kama. Yaro in ciwo ya ci shi wa zai kira in ba mai goyonsa ba? Wannan tambayar ba wanda ya yi ta.

Ban gama ɗaura Safiya a baya ba tsakar gida ta cika. Ga Ya Kaltum maƙwabciyarmu, wadda muka yi shekaru muna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ga matar mai shago, ga masu sayen maina, har da waɗanda ban taɓa ganin haƙoransu ba. Zaure kuma samari sun tsaya cirko-cirko, na ga ɗaya da guntun katako. Hawwa tana bakin murhu ta yi tsuru-tsuru, ludayin suya a hannunta, ba ta ma gane abin da ake cewa ba sai da ta ji kalmar mayya. Wannan kam ta san ta.

"Maman yara, ki sauke ta," in ji Ya Kaltum da taushin murya. "Ba faɗa ba ne. Ta tsallaka kawai, in babu komai ai shi ke nan."

"In babu komai shi ke nan, Ya Kaltum? To gaya mini. In ta tsallaka yarinya ta tashi, me za ku ce?"

"Sai mu ce alhamdulillahi, ta saki."

"In ta tsallaka ba ta tashi ba fa?"

Matar mai shago ce ta amsa daga baya, ta ce ai sai a san ta riga ta cinye.

"To kun ji," na ce. "Ta tashi, mayya ce. Ba ta tashi ba, mayya ce. Ku nuna mini ƙofar da kuka bar mata ta fita."

Yaya Lami ta fashe da kuka, ta ce jinin ƙaninta ne a bayana, ba nawa ni kaɗai ba, wai zan kashe musu 'ya saboda 'yar dutse. Ina jin zafin jikin Safiya yana ratsa zanena, numfashinta a wuyana. Kada ku ɗauka zuciyata dutse ce. Tsoro ya kama ni, kuma da na san akwai ko ƙwayar gaskiya a maganarsu, da ni da kaina zan kwantar da ita. Amma na taɓa wuyan nan da hannuna, na san abin da ke cin 'yata, kuma ba ya tsaye a bakin murhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya biyo baya. Hawwa ta ajiye ludayin a hankali, ta tako tsakiyar mutane, ta cire ɗankwalinta, ta kai hannu ga ƙullin zanenta.

"Maman Safiya," ta ce, "ki bari. Zan yi. Su kira ni kome, ita ta tashi."

Na ga wasu har sun fara gyara tsayuwa don su gani da kyau. Matar da ta binne 'ya'ya biyu a daji za ta tsaya tsirara gaban samarin layi saboda tawa 'yar. Na sa hannu na damƙi ƙullin zanen nan na ƙara tamke shi, har sai da ta yi ƙara. Na ɗauki ɗankwalin daga ƙasa na kaɗe na miƙa mata.

"Ɗaura," na ce. "A gidan Malam Isyaku ba a tuɓe mace. Ɗauko flas da tabarma, asibiti za mu."

Na san in na bar ta a baya ba zan dawo in same ta da rai ba. Na nufi zaure da goyona, ita tana bina. Mai katakon nan ya tare hanya. Na dube shi, ashe ɗan Ya Kaltum ne, wanda nake ba tunkuza yana ƙarami.

"Bukar, ni za ka doka ko mara lafiyar? Zaɓi ɗaya, sauri nake."

Ya matsa. Mai keke na farko da muka tare ɗan layi ne, ya ce ni zai ɗauka amma ban da ita. Na ce Allah Ya kawo kasuwa, muka taka har bakin titi a cikin ranar nan muka sami wani.

Sanƙarau ne. Likita ya faɗa tun kafin a gama ɗibar ruwan bayanta. Muka yi makonni a asibiti, ana allura ba dare ba rana, Hawwa tana kwana a baranda don mutum ɗaya ake bari a ciki. Babanku ya iso a kwana na uku ko na huɗu, Yayarsa ta riga ta tare shi da nata bayanin. Ya tsaya a kan gadon ya daɗe, sannan ya ce mini, "Kin kyauta da kika kawo ta." Bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Allah Ya tashi kafaɗar Safiya. Amma ran da ta fara zama da kanta, wata ma'aikaciya ta saki faranti a bayanta, duk ɗakin muka zabura, ita ko gezau. Aka yi gwaje-gwaje. Likita ya ce ciwon nan yakan tafi da ji, kuma nata ya tafi. Na shiga bayan gida na yi kukana na wanke fuska na fito.

Abin da hakan ya jawo mini kun san rabinsa. Gwaggonku ba ta ƙara cin abin da na dafa ba, ta tattara ta koma Kano, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe mini ba. Wannan yana damuna, don ina sonta, kuma na san don son Safiya ta yi. Layinmu aka daina aiko yara sayen mai, sai da na riƙa kai shi unguwar Umarari inda ba a san mu ba. An yi biki da suna ba a gaya mini ba. Duk inda Safiya ta wuce sai a nuna ta a ce ga abin da gardama ta haifa, wai an saki ran amma an riƙe kunnen. Hawwa ta ci gaba da zama da mu har aka buɗe hanyar garinsu ta koma wajen ɗan'uwanta. Duk wannan na ɗauka, kuma in za a maimaita ranar nan gobe, abin da na yi shi zan sake yi. Sauran rabin da ba ku sani ba, wanda ko babanku ban gaya wa ba, shi ne abin da ya faru da safen da aka sallame mu.

Ina naɗe kaya, Hawwa ta shigo ta tsuguna a gefen gado. Na lura tun da aka ce kunne ya tafi ba ta ƙara taɓa yarinyar ba. Safiya ta miƙa mata hannu, ita kuma ta ɓoye nata cikin mayafi.

"Maman Safiya, zan tambaye ki."

"Ina ji."

"An ce wata tana da maita ba ta sani ba. Mijina ya tafi. Yarana sun tafi. Yanzu wannan." Ta dubi Safiya. "Da kin bar ni na tsallaka, ko da tana ji? Kin tabbata ba ni ba ce?"

Wallahi tallahi, duk zagin da aka yi mini bai yi mini ciwo kamar wannan tambayar ba. Na hana su tuɓe ta a tsakar gida, ashe sun riga sun shiga inda hannuna ba ya kaiwa. Matar da ta san sunan waɗanda suka kashe mijinta, ta san ƙishirwar da ta ɗauke mata 'ya'ya, yau ita ce take tuhumar kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba. Na ga in na tsaya yi mata wa'azi da Hausar da rabi take ji, ba inda zai kai.

"Juya," na ce.

"Na'am?"

"Juya bayanki, Hawwa, ni nawa ya gaji."

Na ɗaga Safiya na ɗora mata. Da yarinyar ta zagaya hannu a wuyanta ta kwantar da kai, sai hannun Hawwa ya tafi da kansa ya tallafe ta. Na ɗaure su da zanen goyo tamau.

Da mai keke ya kawo mu, ya tambaya ko ya shiga da mu har ƙofar gida. Na ce a'a, sauke mu a bakin layi. Hantsi ne, lokacin da kowace mace take ƙofar gida, masu shara, masu wanke-wanke, masu jiran mai ruwa. Na sa Hawwa a gaba da goyonta, ni ina baya da flas da tabarma kamar 'yar rakiya. Da suka hango mu sai kowacce ta sami abin dubawa a ƙasa. Ni kuwa na ce ba ku isa ba. Na bi su gida-gida, ina tsayawa, Hawwa ma dole ta tsaya, ina kiran kowace da sunanta da ƙarfi, ina tambayar maigida da yara da kwanan gajiya, irin doguwar gaisuwar nan ta Barebari da su suka koya mini. Ba a ƙin amsa gaisuwa a Lamisula, kuma ba a amsa ta da kai a sunkuye.

Ya Kaltum ce ta ƙarshe, tana tankaɗe a bakin ƙofarta. Na gaishe ta, ta amsa, idonta a kan rariya. Na sake gaishe ta. Sai ta ɗago, ta dubi Safiya da ta yi barci, ta dubi bayan da take kwance a kai.

"Ya mai jiki?" ta ce da ni.

"Ba ni ke ɗauke da ita ba, Ya Kaltum," na ce. "Tambayi mai goyon."